Maƙwabcin da Ya Daina Kiran Sunana

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na bar ɗakin kwanan ɗalibai na kama haya a unguwar Utaibiyya da ke Makka. Dalilin da na ba mutane shi ne karatu, wai ina neman wurin da babu hayaniya. Gaskiyar magana kuwa, abokin ɗakina ne ya ishe ni da tilawa da ƙarfi tun kafin asuba, kuma a Makka ba ka isa ka ce da mutum ya rage muryar tilawa ba, sai a fara yi maka kallon shaiɗan. Na samu ɗaki ɗaya a saman wani tsohon bene, irin wanda ake ƙarawa a kan rufi kusa da tankin ruwa. Mai gidan ya rantse mini cewa mukayyif ɗin ɗakin, wato na'urar sanyi, sabo ne. Sabo ne kam, a zamanin da aka gina gidan.

Mukayyif ɗin bai yi sati ba ya mutu, ana tsakiyar zafi. Na kwana a kan tayil da jiƙaƙƙen tawul, na tashi raina a ɓace, na sauko neman mai gidan in faɗa masa abin da ke cikina da Larabcin da na sha wahalar koyo. Ban same shi ba. Mai kantin da ke ƙasan benen, wani dattijo ɗan Yaman, ya ce in daina ɓata bakina, in koma in ƙwanƙwasa ƙofar da ke ƙarƙashin ɗakina, akwai mai gyaran mukayyif a ciki. Ya ƙara da cewa, “Ɗan uwanka ne ma, Takari ne.”

Wanda ya buɗe ƙofar sa'ana ne, ko ya girme ni da kaɗan. Dogo ne siriri mai wushirya, da singileti da zanen nan da maza ke ɗaurawa a gida. Na yi masa bayani da Larabcin aji, ina bin kowane wasali ina ba shi haƙƙinsa. Ya tsaya yana saurarona kamar mai jin labaran rediyo, sannan ya karkata kai ya ce da Hausa:

“Ke Bahaushiya ce?”

Na waiga bayana. Babu kowa a matakalar sai ni da gemuna.

Na ce, “Da wa kake?”

Ya ce, “Da ke mana. Kin kwana lahiya?”

Wallahi da a Kano ne da sai an raba mu. Amma na duba fuskarsa ban ga alamar tsokana ba, murna ce kawai irin ta wanda ya ga ɗan gida. Daga baya na fahimci yadda abin yake. A unguwar Tandabawi, nan cikin Makka, aka haife shi, a gidan kakarsa, cikin gwaggonni. Mahaifinsa ya rasu yana goye, mahaifiyarsa ta bi bayansa ba da daɗewa ba. A waje Larabci yake yi da kowa, a cikin gida kuma Hausar da ya ji duk ta mata ce suna yi wa junansu. Ya san akwai “kai”, tunda da shi ake kiransa, amma a lissafinsa “kai” na yara ne da wanda ake yi wa faɗa, “ke” kuma na manya ne da ake ganin girmansu. Wato girmama ni yake yi.

Ya hau ya gyara mukayyif ɗin, ya ce na'urar ta tsufa amma zai riƙa leƙa ta. Ni kuma na ce ba zan zuba ido ɗan Hausa yana yawo a garin Allah yana mayar da maza mata ba, zan gyara masa harshe. Haka muka fara zama a kan rufin bayan la'asar, in rana ta karya, shi da butar shayi mai na'ana'a, ni da girman kaina na ɗalibin nahawu.

Ɗalibi ne mai taurin kai. In na ce “tafi” sai ya ce “tahi”, in na ce “me” sai ya ce “mi”, in na yi magana ya ce haka sitti ke faɗa, kuma sitti ta girme ni. Sitti ita ce kakar tasa, da Larabcin Hijaz yake kiranta. Ta zo aikin Hajji daga ƙasar Gobir ita da mijinta tun tana da ƙuruciya, ba su koma ba. Da aka rushe layinsu a Tandabawi, gwaggonnin duk sun yi aure sun watse, sai suka dawo nan su biyu. Tun ranar da ta ji akwai ɗan Kano a sama wanda ba shi da mai dafa masa, ta ɗora mini ido. Kullum da magariba jikanta zai hau da kwano, wani lokaci tuwo da miyar kuka da alhazai suka kawo mata, wani lokaci shinkafar Larabawa da ta zuba wa daddawa don ta yi hankali. Tun daga ƙasan matakala yake ƙwala kiran sunana, yana jan ƙarshensa yadda mutanen Makka ke yi, har maƙwabta suka haddace shi.

In na sauka gaishe ta, takan zaunar da ni ta yi ta ba ni labarin mai gidan nan. Mai gidan nan mutum ne mai haƙuri, mai gidan nan bai taɓa cin abin wani ba, mai gidan nan in ya faɗi magana to ta zauna. Na daɗe ina haɗiye fushi, ina cewa a raina tsohuwar nan ba ta san mutumin da ya sayar mini da ƙarya a kan mukayyif ba. Sai da aka kwana biyu na gane ba mai benen take nufi ba. Mijinta take nufi, wanda ya rasu tun kafin a aza tubalin gidan.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura cewa in la'asar ta yi sai in kasa gane layin da nake karantawa, kunnena yana matakala. Na lura in ya yi dariya har wushiryar ta fito, sai in manta gyaran da zan yi masa. Wata rana ya zo da ƙuna a hannu, wani ƙarfe mai zafi ya taɓa shi a wurin aiki, na ji zafin a jikina har na yi masa masifa kamar da gangan ya yi. A nan na daina yi wa kaina wayo. Ina son sa, kuma ba irin son da ake yi wa maƙwabci ba.

Na san akwai mai karanta wannan da ya riga ya miƙa hannu zai ɗauko mini littafi. Ya huta. Littafin na karanta shi, na haddace babin, an yi mini jarrabawa a kansa na ci da daraja. Na yi azumi, na je na yi addu'a a inda kowa ke kashe dukiyarsa ya zo ya yi, na dawo gida na tarar har yanzu kunnena yana matakala. Ba gardama nake yi da kowa ba, abin da ya faru nake faɗa.

Matsalata ita ce ban san nasa ba, kuma Makka ba garin da za ka gane irin wannan ba ne. A Kano, in namiji ya ce da kai masoyina ya riƙe hannunka, to ka samu amsa, ko ka gudu ko ka tsaya. A can kuwa kowa habibi ne. Yakan ce mini habibi sau da yawa a zama ɗaya, sai ƙirjina ya buga, sai mu sauka in ji ya ce da mai kanti habibi, ya ce da mai gasa burodin tamis habibi, ya ce da ɗan tasi da ya kusa take mu habibi kafin ya zage shi. In za mu tsallaka titi yakan kama hannuna, in yi ta jin ɗumin tafinsa har mu kai ɗaya ɓangaren. Washegari sai in hango shi riƙe da hannun wani Bamisire mai sayar da kayan gyara suna tafe suna hira. Ranar sallah ya sumbace ni a kumatu biyu, na koma ɗaki na zauna jiki a sanyaye. Da na leƙa ta taga sai na ga yana bin layin nan gida gida yana raba wa kowa irin nawa.

Ana haka sakamakon jarrabawa ya fito, kuma na yi ƙoƙari. Sashenmu ya ce duk mai irin makina in yana so ya zarce digiri na biyu, ya sanar da su kafin a tafi hutu. A gida kuma mahaifina ya riga ya samo mini aikin koyarwa a wata makaranta, yana ta faɗa wa abokansa cewa malam na nan tafe. In na zaɓi gida, za a buga mini hatimin fita ta ƙarshe a fasfo, ba ni da ranar dawowa sai in Allah ya kira ni Umara. Shi kuwa ba shi da inda za shi. A Makka aka haife shi amma ba ɗan ƙasa ba ne, ƙasar da ake cewa tasa kuma ko a mafarki bai taɓa ganinta ba, ga tsohuwa a hannunsa. Na yanke wa kaina hukunci: in na tabbatar yana jin abin da nake ji, zan zauna. In ba haka ba zan tattara in tafi, don ba zan iya ƙara shekaru a saman kan mutumin da ke kirana da sunan da yake kiran mai burodi ba.

Na faɗa masa zancen a kan rufi, ina yi kamar ba komai ba ne, ina satar kallonsa. Na ce mai yiwuwa in koma gida bayan hutu, ba dawowa. Yana zuba shayi a lokacin. Ya cika kofin, ya ajiye butar, ya ce, “Allah shi zaɓa abin da ya hi alheri.” Shi ke nan. Addu'ar da ko direban bas zai yi maka.

Daga ranar komai ya canja. Da magariba na ji takunsa, na jira kiran, ban ji ba. Ya hau shiru, ya yi sallama a bakin ƙofa, ya ce, “Ga abinci,” ya ajiye ya juya. Washegari ma haka. Habibi ta ɗauke gaba ɗaya. In za mu tsallaka titi sai ya zuba hannuwansa a aljihu. In ya zama dole ya yi mini magana sai ya yi gyaran murya, ko ya ce “af”, ko ya tsaya a inda zan gan shi har in ɗago. Bai daina hawowa shan shayi ba, amma sai ya zauna a ɗaya gefen tankin yana kallon duwatsu, in na yi magana ya amsa wa ƙasa. Wata rana ina cikin kantin ɗan Yaman a bayan buhunan shinkafa, bai gan ni ba, na ji ya ce a ba shi madara biyu, ɗaya ta sitti, ɗaya ta na sama. Na sama. Mutumin da ya cika layin nan da sunana har yara suna kwaikwayonsa, yanzu na koma na sama kamar tankin ruwa.

Na cika na yi fam. Na ce to ai ga amsa na samu, tun ban tafi ba ya share ni. Na ce dama haka mutanen garin nan suke, sun saba da baƙi masu zuwa su tafi, in ka ce za ka tafi sai su naɗe tabarmarka kana kai. Har na fara haɗa littattafai a kwali. Amma ni mutum ne da ba na iya barin magana a ciki, in ban faɗa ba sai ta hana ni cin abinci. Kwanon sitti ya fara komawa da saura, har ta aiko a tambaya ko gishiri ne ya yi yawa.

Ana saura kwanaki kaɗan a rufe sashe, na sauko bayan la'asar na same shi yana loda kayan aiki a tsohuwar motar mai shagon da yake yi wa aiki, irin mai buɗaɗɗen baya. Na buɗe ƙofa na shiga gaba na zauna. Ya zagayo ya leƙo.

Ya ce, “Ina za ki… za ka?”

Na ce, “Inda za ka.”

Ya shiga ya ta da mota. Ban san ko yana da aiki a wani gida ranar ba. In ma yana da shi, to mutanen sun kwana cikin zafi, don bai tsaya ko'ina ba sai Muzdalifa. Wanda ya san wurin a daren Hajji kawai ba zai gane shi ba a sauran shekara. Fili ne fetal, ga dogayen fitilu a tsaye, ga layukan famfo da banɗakuna a kulle, babu bas ko ɗaya. Daga nesa wani iyali sun shimfiɗa darduma suna shan iska, wani mutum kuma yana koya wa ƙaninsa tuƙi suna ta zagaye. Ya kashe motar a gindin wani dutse, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba.

Ni kuwa na buɗe baki. Na ce masa in na yi masa laifi ya faɗa mini, mu ba a haka muke rabuwa da mutum ba. Na ce mai kanti habibi ne, mai tamis habibi ne, Bamisiren nan mai warin taba habibi ne, ni da na zauna ina fama da harshensa wata da watanni na koma na sama. Na ce sunana ba zagi ba ne, iyayena sun yanka rago kafin su raɗa mini shi. Na ce in tafiyata ce ta sa ya ga ba ni da sauran amfani, to ya yi haƙuri ya ƙarasa 'yan kwanakin da suka rage da mutunci. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba su da kan gado, har da zancen cewa shayinsa sukari ya yi masa yawa tun farko na yi shiru ne kawai.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali, yana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi in maganar ta fi ƙarfin Hausarsa amma ba ya son ya koma Larabci:

“Ka san sunan kakana?”

Na ce ina ruwana da sunan kakansa yanzu.

Ya ce, “Ni ma ba wurin sitti na ji shi ba. Wurin maƙwabta na ji. Tun da ni ke, ban taɓa jin shi a bakinta ba. Ina yaro na tambaye ta don mi, ta ce bakinta ba ya iyawa.” Ya murza sitiyarin da babban yatsa. “Ranar da ka ce za ka tahi, na zo ƙasan matakala da kwano, na buɗe baki in kira. Wallah bai hito ba. Na gwada gobe, bai hito ba. Halas, shi ke nan. Nawa ma ya daina iyawa.”

Sai a lokacin na gane. Ni ɗan Kano, wanda mahaifiyarsa har yau ba ta taɓa furta sunan mahaifinsa ba sai dai ta ce “Malam” ko “shi”, wadda in an tambaye ta sunan yayanmu na fari sai ta kalli wata ta ce ke faɗa musu. A cikin wannan na tashi. Amma da yake na saba jin sa da Larabci, da Larabci na yi ta auna shi, ina jiran ya ƙara mini habibi a kan ta kowa. Shi kuwa da abin ya kai masa inda ya kai, sai ya koma Hausa, kuma Hausar da yake da ita ta ɗakin kakarsa ce.

Ya kamata a ce na faɗi wata magana mai daɗi a nan. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ai mata ne suke yin wannan.”

Ya juyo ya kalle ni, karo na farko cikin kwanaki. Ya ce, “To ni wurin wa na koya?”

Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ke zuwa da hawaye, na kifa kaina a gaban motar ina yi. Shi ma ya fara. Mai koyon tuƙin nan ya zo wucewa ta gabanmu, motar ta mutu masa, yayansa ya hau shi da faɗa, mu kuma muna ta dariya har suka zaci da su muke. Da na samu numfashi na ce masa na ji, kuma ni ma abin da ke damuna ke nan tun kafin ya ƙone hannu, sai dai ni bakina ba ya gajiya, shi ya sa na zo da masifa. Na faɗa masa da Hausa, a fili, ba kwana-kwana, cewa ina son sa. Ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

Ya ce, “To tahiyar hwa?”

Na ce, “Wace tafiya?”

Ya ɗora hannunsa a kan nawa a tsakanin kujerun. A cikin gari da ya yi haka a tsakiyar titi babu wanda zai ɗaga kai. A nan da babu mai ganinmu, sai ya kasa ɗago ido ya kalle ni. Muka zauna haka har aka fara kiran magariba daga masallacin da ke can gefe, muka sauka muka yi alwala a famfo ɗaya da aka manta ba a kulle ba.

Washegari na je sashe na ce zan zarce. Shugaban sashen, dattijo mai kirki, ya tashi ya rungume ni, ya ce irin wannan kishin ilimi ne ya yi ƙaranci a matasan yanzu, ya yi mini doguwar addu'a na yi ta amsawa da amin ina kallon takalmina. Na kira mahaifina ina shirin shan faɗa. Sai ya ce ai babu uban da zai hana ɗansa wannan, aikin makaranta ya je ya samu wani. Daga baya ƙanwata ta gaya mini yana zama a ƙofar gida yana faɗa wa mutane cewa ɗansa ya ƙi albashi ya zaɓi maƙwabtaka. Maƙwabtaka da Ɗakin Allah yake nufi. Ban gyara masa ba, tunda rabin maganar daidai ne.

Abin da ya rage mini tsoro shi ne tsohuwar. Idonta ya yi rauni amma kunnenta ko motsin kyanwa a matakala ba ya wuce shi, kuma ta fi kowa sanin cewa layin nan ya yi kwanaki bai ji ana ƙwala kiran sunana ba. Da yamma na kwance littattafaina daga kwali, na wanke kwanonta, na ce yau ni zan sauka da shi da kaina in gaya mata ina nan ban tafi ba. Na ƙwanƙwasa. Shi ya buɗe, ya tsaya riƙe da ƙofar, muna kallon juna kamar ba jiya muka rabu ba. Daga can cikin ɗaki ta ɗaga murya.

“Kai, wa ya zo?”

Ya waiga wajenta. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce, “Shi ne.”

“Shi wa?”

“Shi dai, sitti.”

Ina jin ƙarar mukayyif ɗinsu, ina jin cazbaharta da ta tsaya. Na riƙe kwanon da hannu biyu, na fara lissafin hawa nawa ne tsakanina da titi. An daɗe, ko kuma ni na ga an daɗe. Sannan na ji ta gyara zama a kan gado, ƙarfen ya yi ƙara.

Ta ce, “To. Ka ce da shi ya shigo. Kuma ka daina hawa da abinci sama kullum kana wahal da ƙahwahunka, a nan za shi riƙa ci.”